Yadda ake sanya lambar shaida a allon gargaɗin motar kaya masu haɗari

Idan tanka ta faɗi a kan hanya, ɗan kwana-kwanan da ya fara isowa ba direba yake nema ba. Sau da yawa direban ba ya cikin halin magana, takardun kaya kuma suna cikin kan motar, inda babu mai iya kusanta. Abin da yake yi shi ne ya tsaya can nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya sa madubin hangen nesa ya karanta alƙaluma huɗu da ke jikin tankin. In ya ga 1203 ya san fetur ne. In ya ga 1017 ya san iskar kulorin ce, sai a fara kwashe mutanen unguwa tun kafin a yi maganar ruwa. A kan alƙaluman nan huɗu zai yanke shawarar da rayukan jama'a suka rataya a kanta, don haka duk ƙa'idojin da ke tafe manufarsu ɗaya ce: lambar da ke jikin mota ta zama ta abin da ke cikin motar a daidai wannan lokaci, kuma a iya karanta ta daga nesa.

Bayanin nan a kan tsarin Amurka aka gina shi, wato kashi na 172 na juzu'i na 49 a kundin ƙa'idojin gwamnatin tarayyar ƙasar, wanda hukumar PHMSA ta ma'aikatar sufuri ke kula da shi. Lambobin kansu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ba su canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Kwantenar da aka loda a Hustan ta Amurka da lamba 1830 haka za ta sauka a Apapa, kuma asid ɗin salfa ne a cikinta a can da nan. Abin da ke bambanta shi ne siffar allon da wurin maƙala shi, kuma za mu zo ga tsarin Turai a gaba.

Mataki na farko: samo lambar daga takarda

Kada ka ɗauki lamba daga bakin mai lodi ko daga allon motar da ke gabanka a layi. Ɗauko takardar kayan da mai kaya ya cike, ka duba sunan kayan na hukuma, ajin haɗarinsa da lambarsa. Sannan ka gwada da jadawalin kaya masu haɗari da ke sashe na 172.101: suna a layin tsaye na 2, aji a na 3, lamba a na 4. In ukun nan suka dace da takarda, sai a ci gaba. In ba su dace ba, a nan za ka tsaya har a gyara takardar.

Waɗanda direban mai da na sinadarai ke yawan haɗuwa da su ba su da yawa, haddace su ba wuya. Fetur 1203, man dizal 1202, kananzir 1223, man jirgin sama 1863, iskar gas ta girki 1075, furofen 1978, amoniya marar ruwa 1005, asid ɗin haidurokulorik 1789, ruwan soda mai ƙuna 1824, takin amoniyam naitiret 2067. A Amurka za ka riƙa ganin 1993 a jikin tankokin dizal, domin ƙasar tana da wasu lambobinta na cikin gida masu farawa da NA, waɗanda ba sa aiki a sufurin ƙasa da ƙasa in ban da tsakaninta da Kanada. A takarda da jikin duro ana rubuta UN ko NA a gaban lambar. A kan allo kuwa alƙaluma huɗun kaɗai ake sanyawa.

Mataki na biyu: shin wannan lodin yana buƙatar lamba a jikin mota?

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin sun ɗauka duk motar da ke da allon gargaɗi dole ta ɗauki lamba. Ba haka ba ne. Allo daban, lamba daban, kowanne da sharaɗinsa.

Lamba wajibi ce a kan duk babban mazubi, irin wanda ake zuba kaya a cikinsa kai tsaye: tankar mota, tankin da ake ɗorawa a tirela, taragon tanki na jirgin ƙasa, da manyan robobin nan masu kejin ƙarfe. Ma'aunin babban mazubi shi ne ya wuce lita 450 in ruwa-ruwa ne. In busasshen kaya ne, ya wuce kilo 400 kuma girmansa ya haura lita 450. In iskar gas ce, mazubin ya zama mai cin ruwan da ya wuce kilo 454.

In kuma kayan a ƙananan mazubai suke, kamar durare da jarkoki da silinda, to lambar tana jikin kowane mazubi, motar ba ta buƙatarta sai a hali biyu. Na farko, idan nau'in kaya guda ne tal a cikin motar, sunansu ɗaya lambarsu ɗaya, jimillar nauyinsu ta kai kilo 4,000, a wuri guda aka loda su, kuma babu wani kaya tare da su, mai haɗari ko marar haɗari. Lura da sharaɗin ƙarshen nan da kyau. Tirela cike da durare na asiton, aka ƙara mata falet guda na kwalayen takarda, ta fita daga wannan wajibci. Na biyu, idan kayan guba ne mai kisa ta hanyar shaƙa, na rukunin A ko B, wato rukunoni biyu mafiya tsananin guba, kuma abin da aka loda a wuri guda mai lamba ɗaya ya kai kilo 1,000.

Mataki na uku: zaɓi inda lambar za ta zauna

Wurare uku doka ta amince da su, babu na huɗu.

Na farko shi ne tsakiyar allon gargaɗin kansa, wato allon nan mai kusurwa huɗu da ake tsayar da shi a kan tsininsa, kowane gefe aƙalla milimita 250. Ana ware farin fili a tsakiyarsa, tsayinsa milimita 100, faɗinsa kimanin 215, a rubuta lambar da baƙi, tsayin alƙaluman milimita 88. Saman farin filin yana hawa kimanin milimita 40 sama da layin tsakiyar allon, wato filin ya ɗan sauko ƙasa kaɗan don ya bar wa hoton da ke sama wuri. In ka ɗauki allon fetur ka duba, za ka ga ja ne, harshen wuta a sama, 1203 a farin fili a tsakiya, lambar ajinsa, 3, a ƙasan tsini. Lambar ta zauna ne a wurin da kalmar FLAMMABLE, wato mai kama wuta, take zama. Idan sitika ka liƙa a kan allon da ke da rubutu, ka tabbata ta rufe rubutun sosai, kada wutsiyar haruffa ta riƙa leƙowa ta gefe tana dagula karatu.

Na biyu shi ne allo mai ruwan lemo, dogo a kwance: tsayi milimita 160, faɗi 400, baƙin layi mai kaurin milimita 15 ya zagaye shi, alƙaluma baƙaƙe masu tsayin milimita 100. An yi sassaucin milimita 5 sama ko ƙasa a waɗannan ma'aunai. Idan kayan na buƙatar allon gargaɗi, to mai ruwan lemon dole ya zauna kusa da shi. Ba a sa ɗaya a gaban tanki ɗaya a can wajen tayar baya, domin mai kallo daga nesa tare yake son ganinsu.

Na uku farin allo ne zalla, mai siffa da girman allon gargaɗi, babu hoto babu launi, sai lambar kawai. Doka ba ta lissafa shi a matsayin allon gargaɗi, don haka ba ya ɗauke maka wajibcin sa allon aji in ana buƙatarsa. Amfaninsa yana fitowa ne inda lamba ta wajaba amma allo bai wajaba ba, ko kuma allon yana cikin waɗanda aka hana rubuta lamba a kansu. Misali kayan aji na 9, wato masu haɗari iri-iri da ba su shiga sauran azuzuwan ba: a sufurin cikin gida na Amurka ba dole ba ne a sa musu allon aji, amma in a babban mazubi suke lambar ta wajaba, sai a sa ta a allon aji na 9 ɗin, ko a mai ruwan lemo, ko a farin nan. Tankar kwalta mai zafi, 3257, tana cikin irin wannan, kuma ita ana ƙara mata kalmar HOT.

In za a bi ta tawa, mai tanka da ke ɗaukar kaya iri ɗaya kullum ya sa lambar a tsakiyar allon gargaɗi. Abu ɗaya ne za a wanke, abu ɗaya za a duba, kuma babu maganar sun yi nisa da juna.

Mataki na huɗu: san allunan da ba a rubuta musu lamba

Ba a sa lamba a allon abubuwan fashewa, daga 1.1 har 1.6. Ba a sa ta a allon RADIOACTIVE, wato na kayan da ke fitar da tiririn nukiliya. Ba a sa ta a allon DANGEROUS, wanda dama don gaurayen kaya aka yi shi, lamba ɗaya ba za ta wakilce su ba. Haka nan ba a sa ta a allon haɗari na biyu. Ɗauki kulorin: babban haɗarinsa iskar guba ce, aji 2.3, amma yana kuma rura wuta, yana cin jiki da ƙarfe. Ko da an jera masa alluna uku, 1017 a kan na 2.3 kaɗai za ta hau.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi waɗannan saurin kama mutum. Allon da ke ɗauke da lamba ba ya cika wajibcin allo sai in lambar ta dace da dukkan kayan wannan ajin da ke cikin motar. A ce kana da durare na asiton, 1090, da na tolwin, 1294, duka aji na 3. In ka sa jan allo mai 1090, ka gaya wa duniya asiton kaɗai ka ɗauko, wanda ba gaskiya ba ne. Allon da ya dace a nan shi ne jan allo mai kalmar FLAMMABLE ba tare da lamba ba. Sannan an hana ƙara wani launi, harafi, alama ko kalma a filin lambar in ba wanda doka ta ambata ba, saboda haka lambar wayar kamfani da tambarinsa su nemi wani wurin.

Mataki na biyar: maƙalawa

Mazubin da ya kai lita 3,785, wato galan 1,000 na Amurka, ana sa masa lamba a wurare huɗu: dama, hagu, gaba da baya. Wanda bai kai ba, gefe biyu masu kallon saɓanin juna sun isa. Idan tankin ko robar tana cikin rufaffiyar tirela ko kwantena ta yadda ba a ganin lambarta daga waje, sai a maimaita lambar a ɓangarori huɗu na motar ko kwantenar. Allon gaba kuwa ana iya sa shi a goshin kan motar maimakon gaban tankin, ko a sa duka biyun.

Lambar ta kwanta daidai, a karanta ta daga hagu zuwa dama. Allon ya nisanci tsani, bututu, ƙofa da tamfol. Ya ba duk wani rubutun talla tazarar aƙalla milimita 76. In launin jikin motar ya yi kama da na allon, kamar jan allo a jan tanki, a sa masa layi a kewaye da zai fito da shi.

Duk wannan a tsaye a cikin depo yana da sauƙi, hanya ce ke ɓata shi. Allon baya shi ya fi shan wahala: tayoyi na watsa masa laka, ƙura na manne wa ɗigon man da ya zubo daga murfi, kafin a yi nisa farin filin ya koma ruwan ƙasa, 1203 ta fara kama da 1208. Shi ya sa doka ta ce a sa allon inda ruwa da dattin taya ba za su riƙa dukansa ba gwargwadon iko, kuma alhakin kula da shi a hanya yana kan mai jigila. Masu amfani da allon ƙarfe mai shafuka, wanda ake juya kowane alƙalami daban a danne shi da maƙalli, su riƙa taɓa maƙallin da hannu a duk tsayawa. Maƙalli guda ya saki, iska ta juya shafi ɗaya, 1203 ta koma 1202, ga tanka cike da fetur tana shelar dizal. Kafin ka tashi, ja da baya taku talatin ko arba'in a kowane ɓangare ka karanta lambar da idonka, da takarda a hannunka.

Wa ke da alhakin kawo lambar? A tankar mota, mai kaya ne zai ba mai jigila alluna masu lamba, ko ya maƙala masu ruwan lemo da kansa, kafin ko lokacin miƙa kayan. Amma mai jigila ma an hana shi tashi da tankar da ba ta da lamba, don haka cewa ba su ba ni ba ba ta fid da direba a wurin jami'in bincike.

Mataki na shida: tanka mai ɗakuna

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Idan tanki yana da ɗaki fiye da ɗaya, kuma kayan da ke ciki lambobinsu sun bambanta, ba dole ba ne a sa lamba a gaba da baya. A gefuna ake sa su, a jere bisa yadda ɗakunan suke. A ce ɗakin gaba asiton ne, na tsakiya tolwin, na baya metanol. Sai 1090 ta zauna daidai ɗakin gaba, 1294 a tsakiya, 1230 a baya, a duka gefuna biyu. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya jera su daga hagu zuwa dama a gefe ɗaya, ya zagaya ɗaya gefen ya sake jera su daga hagu zuwa dama. To a gefe ɗaya kan motar yana hagunka, a ɗayan yana damanka, ka ga jerin ya juye, lambar metanol ta koma kan ɗakin asiton. Kan mota za ka bi, ba hannunka ba.

Masu dakon man fetur an yi musu rangwame. In ɗakunan duka man da aka tace daga ɗanyen mai ne, kamar fetur da dizal da kananzir, lamba ɗaya ta isa, amma dole ta zama ta wanda ya fi saurin kamawa da wuta. Fetur yana fitar da tururin da ke kamawa tun a sanyin da ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri, kananzir sai ya kai wajen digiri 38, dizal ya fi haka. Saboda haka ko ɗaki ɗaya ne fetur a cikin biyar, 1203 ce za ta hau. Hikimar a fili take: wanda ya shirya wa fetur ya tarar da dizal bai yi asara ba, wanda ya shirya wa dizal ya tarar da fetur yana iya rasa ransa. Togaciya guda ita ce man da aka gauraya da etanol fiye da kashi 10 cikin 100. Shi sai an ƙara lambarsa, 3475 ko 1987, domin kumfar da ke kashe wutar fetur ba ta aiki sosai a kan mai barasa da yawa.

Tankar da fetur kaɗai take ɗauka za ta iya barin lamba in an rubuta GASOLINE a gefunanta biyu da bayanta da haruffa masu tsayin aƙalla milimita 50. An halatta, amma lambar ta fi, domin da ita ake shiga littafin agajin gaggawa kai tsaye. Littafin nan Amurka da Kanada da Meziko ke fitar da shi duk shekara huɗu, akwai bugun 2024. Ana neman lamba a shafuka masu ruwan ɗorawa, su tura mutum zuwa shafuka masu ruwan lemo: fetur jagora na 128, iskar gas ta girki na 115, kulorin na 124.

Mataki na bakwai: bayan sauke kaya, da abin da ya lalace a hanya

Sauke kaya ba ya sa a cire lamba. Tankin da aka juye fetur daga cikinsa cike yake da tururi, kuma tururin ne ke fashewa. Lambar tana nan har sai an wanke ragowar an kore tururin, ko an sake loda wani kaya mai wata lambar. Haka kuma in an wanke tankin tas, ko an loda abin da ba shi da haɗari, dole a cire lambar ko a rufe ta. Barin ta laifi ne, domin tana iya sa a rufe babbar hanya a kwashe jama'a a kan tankin ruwa.

In fiye da ɗaya daga cikin lambobin suka faɗi ko suka lalace a hanya, mai jigila zai maye gurbin duk waɗanda suka faɗi ko suka lalace da zarar ya samu hali. A irin wannan yanayi an yarda a rubuta da hannu, da alƙalamin da ba ya gogewa, a cikin filin da aka tanada, rubutu mai karantuwa. Ajiye fararen alluna biyu ko uku da babbar maka a kan mota ba zai ci maka komai ba.

Inda tsarin Turai ya bambanta

Yarjejeniyar ADR, wadda aka ƙulla a Janiba a 1957 ta fara aiki a 1968, ita ce ƙasashen Turai ke bi, kuma Najeriya ta shiga cikinta a 2018. A tsarinta ba a rubuta lambar tanka a tsakiyar allon gargaɗi. Allo mai ruwan lemo ne ke ɗauke da ita, faɗinsa santimita 40, tsayinsa 30, baƙin layi ya raba shi biyu. Ƙasa lambar kayan ce, sama kuma lambar nau'in haɗari. Fetur 33 a sama 1203 a ƙasa, dizal 30 da 1202, kananzir 30 da 1223, gaurayen iskar gas ta girki 23 da 1965, asid ɗin salfa 80 da 1830. Maimaita alƙalami yana nufin haɗarin ya tsananta, sifiri na nufin babu wani haɗari na biyu, harafin X a gaba kuma yana nufin kayan na yin mummunan tasiri in ruwa ya taɓa shi, kada a watsa masa ruwa sai da izinin masana.

Tankar da ke ɗauke da kaya iri ɗaya za ta iya sa alluna masu lamba a gaba da baya kawai. Mai ɗakuna da kaya daban-daban tana sa allon lemo marar rubutu a gaba da baya, masu lamba kuma a gefen kowane ɗaki. Rangwamen masu dakon mai yana nan a wannan tsarin ma, lambar wanda ya fi saurin kamawa ce ke hawa gaba da baya. Sharaɗin da ADR ta ƙara shi ne allon ya jure wuta: ko da ta lulluɓe shi tsawon minti 15, kada ya faɗo daga mazauninsa, kuma lambar ta ci gaba da karantuwa. Don haka in za ka saya wa tanka allo a wannan tsarin, nemi na ƙarfe mai alƙaluman da aka buga suka taso, ka ɗaure shi da ƙusoshi a mazaunin ƙarfe, ka bar na roba da na sitika.